Ruwan Hoda a Kwalbar Kawu

Tun satin farko 'yan ajin suka raɗa masa Kawu, domin shi kaɗai ne mai furfura a cikinsu. Bai ji haushi ba. A gidan ruwa, inda ya kwashe rabin rayuwarsa yana tsaron injinan da ke tura wa gari ruwa, Mai Famfo ake ce masa, a gida kuwa Baban Yara ne. Ƙarin suna guda bai yi masa nauyi ba.

Ba sha'awar boko ce ta kawo shi kwaleji ba. Kamfaninsu ne ya sayo sababbin injina masu kunna kansu su kashe kansu, Manaja kuma ya tara masu tsaron tsofaffin ya gaya musu gaskiya ba tare da kwana-kwana ba: akwai gurbi a ɗakin gwajin ruwa ga wanda ya kawo takardar shaidar kimiyya kafin a gama kafa injinan, wanda bai kawo ba kuwa Allah ya buɗa masa wata hanyar. Wani ya sayi babur, wani ya buɗe shago. Kawu ya sayi littattafai da farar rigar ɗakin gwaji, ya nemi a mai da shi aikin rana, da safe yana aji.

Da rarrafe ya haye sauran darussan, amma ya haye. Kemistiri na zangon farko ma ya ci, don awo ne da lissafi, kuma shi mutum ne mai haƙuri da sikeli. Na zango na biyu ne ya tsaya masa a wuya. Karatun takardar ya sha wuya amma ya shiga kansa: yadda sinadarai ke saurin haɗuwa ko su yi nawa, yadda suke kaiwa wani matsayi su daidaita, da rigimar asid da soda. Jarrabawar aikin hannu ce ta kayar da shi bara. Dokar kwalejin kuwa a fili take, wanda ya faɗi sau biyu a darasi ɗaya sai ya tattara nasa ya nasa. Wannan ne zuwansa na biyu, kuma a gidan ruwa an riga an kafa fiye da rabin sababbin injinan.

Aikin da ya kayar da shi, in an faɗa maka, sai ka ce yaro ma zai iya. Za a ba ka asid a kwalba mai faɗin gindi da siririn wuya, ka ɗiga masa wani magani mai dogon suna da ɗalibai suka gajarce zuwa feno. A samanta akwai buret, wato dogon bututun gilashi mai layin awo da ɗan famfo a ƙasa, cike da ruwan soda. Sai ka buɗe famfon sodar ta riƙa sauka, kana jujjuya kwalbar, har lokacin da sodar ta cinye asid ɗin. A daidai nan ruwan, wanda yake garau kamar na sha, zai ɗauki launin ruwan hoda mai haske ƙwarai. Nan za ka rufe, ka karanta awon.

"Ɗigo ɗaya ne tsakanin daidai da ɓarna," in ji malamin darasin, kullum, har ɗalibai suka mai da shi Malam Ɗigo. "Ba ja nake so ba. Kunya nake so ruwan ya ji, ba fushi ba. In na hango launin daga bakin ƙofa, ka zarce."

Bara Kawu ya ɗora laifin a kan hannunsa, ya ce tsoro ne ya sa shi rawa. Bana aka haɗa shi da wata yarinya sa'ar babbar 'yarsa, wadda bakinta ba ya hutawa har aka sa mata Rediyo. Tun ranar farko ta raba musu aiki.

"Kawu, kai da famfo, ni da kwalba. An ce sana'arka ce, to mu gani a ƙasa."

Haka suka yi ta yi. Ita tana jujjuyawa tana ba shi labarin ƙawayenta da wanda ya yaudari wance, shi yana sakin sodar a hankali, har ya iya rataye rabin ɗigo a bakin bututun. Can sai ta katse labarin da ihu, "Kawu, tsaya!" Ya rufe. Malam Ɗigo ya zo ya ɗaga kwalbar ya gyaɗa kai. Sati bayan sati sakamakonsu yana fitowa daidai, har Kawu ya fara gaya wa matarsa cewa hannun ya zauna, bana sai dai wani ikon Allah.

Ana saura 'yan makonni jarrabawa, wata safiya suna tsakiyar aiki wayar Rediyo ta yi ƙara a aljihu. Ta leƙa, ta ce mamarta ce, ta tura masa kwalbar.

"Riƙe min nan, ya kusa. Kana ganin ya canza ka rufe."

Ya riƙe famfo da hagu, kwalba da dama, yadda aka koya musu. Ɗigo ya sauka, wani ya biyo. Ruwan yana nan garau a kan farin tayil ɗin da ake ɗora kwalbar. Ya ci gaba, yana jin daɗin yadda hannunsa bai ko motsa ba. Can ya ga kamar ruwan ya ɗan yi duhu, kamar an wanke ƙarfe a ciki. Ya ƙara kaɗan don ya tabbatar.

"Innalillahi! Kawu, rini ka koma?"

Ya rufe famfon. Rediyo ce a kansa, hannu a ka. Samarin teburin gaba sun juyo suna dariya, ɗaya yana cewa a ba shi ya kai wa budurwarsa ta shafa a leɓe.

"Yanzu ya fara juyawa," in ji Kawu. "Ga shi nan yana shuɗi-shuɗi."

"Shuɗi?"

Ta dube shi, ta dubi kwalbar. Ta jira masu dariya suka koma kan aikinsu, sannan ta ɗauko wata kwalba, ta zuba ruwan famfo a ciki, ta aro ta maƙwabtansu da Malam ya riga ya yaba, ta jera su a kan tayil.

"Wacce ce mai launi?"

Ya sunkuya. Ya koma gefe ya duba ta wajen taga. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ruwa biyu ne, babu abin da ya raba su.

"Wannan," ya ce, ya nuna ta dama.

"Ruwan famfo ne, Kawu," ta ce a hankali. "Wato duk zangon nan ba ka taɓa gani ba?"

"Na ɗauka idonki ya fi nawa sauri ne. Yarinta."

Da ya koma gida bayan ya tashi daga aiki, ya sami Maman Yara tana ninke wanki a ɗaki. Ya zauna a bakin gado ya ba ta labari. Sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Yau ka sani? Baban Yara, wa ya taɓa aikenka sayen tumatir a gidan nan tun bayan wancan karon? Ka kwaso mana ɗanye shar ka ce ya nuna. Zanen da ka kawo min ina amarya fa, ka ce ruwan toka ka zaɓo don na ce ba na son abu mai ihu?"

"Ai ruwan toka ne."

"Ruwan hoda ne, bawan Allah! Yana nan a ƙasan akwati. Na sa shi don kada ka ji kunya, 'yan'uwana suka yi ta min tsiya."

"To me ya hana ki gaya min?"

"Na ce ba ka da ido a kaya. Maza nawa ne ke da shi? Na ɗauka rashin kula ne irin naku."

Ta ga bai yi dariya ba, sai tata ta fara raguwa. Ta tashi ta ɗauko maganin zazzaɓin yara a kan kabad, mai zaƙin nan, ta ce masa launinsa ɗaya da abin da yake faɗa. Ta jera kofunan gilashi a bakin taga inda sauran hasken yamma yake, ta zuba ruwa, ta sa ya juya baya, ta ɗiga maganin a wasu.

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Koya masa za mu yi. Juyo."

Ya juyo ya nuna. Ta sauya musu wuri, ya sake nunawa. Wani lokaci ya dace, ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, sai na gaba ya nuna ruwa zalla da ƙarfin zuciyarsa. Ta ƙara maganin, ta ƙara, har sai da ta ce ko daga tsakar gida za ta gane shi, sannan ya ce e, wannan kam ya yi duhu. Kwana da kwanaki suna haka duk yamma har kwalbar maganin ta kusa ƙarewa. Ran nan ta kwashe kofunan ta wanke ta kife, ba ta sake fito da su ba, shi ma bai tambaya ba.

Ya je asibitin ido. Likitan ya buɗe masa wani littafi mai shafuka cike da ɗige-ɗige, ya ce ya karanta lambar da ke tsakiya. Kawu ya ga ɗige-ɗige. Likitan ya rufe littafin ya ce da shi aka haife shi, ba ciwo ba ne balle a yi magani, kuma tabarau ba ya gyarawa.

"Mutane da yawa suna rayuwarsu da shi lafiya lau, Baba. Wane aiki kake yi?"

Sai a hanya ya tuna da tsohon allon injinansa, mai fitila biyu, ta sama da ta ƙasa. An ce masa ta sama ja ce, ta ƙasa kore, ya karɓa. Shi dai ya san in ta sama ta kama akwai matsala, kuma kafin ta kama ma kunnensa ya riga ya gaya masa.

Ya sami Malam Ɗigo a ɗan ofishinsa da ke bayan ɗakin gwaji, tsakanin kwalayen gilasai. Malamin ya girme shi da kaɗan ne, ko ma sa'o'i ne. Ya ba shi kujera, ya saurare shi har ƙarshe, ya karanta takardar likita, ya daɗe yana murza goshi.

"Ni ma da laifina. Bara na ga kwalabenka, na ce ganganci ne. Da a farkon zango ka zo min da wannan, da na san ƙofar da zan ƙwanƙwasa."

"A farkon zango ban sani ba, Malam."

"Haka ne."

Kawu ya ce ya ji akwai na'urar da ke nuna ƙarfin asid da lamba, ba sai an duba launi ba. Malam ya miƙa hannu saman kabad ya sauko da ita, ya hure ƙura. Bakin gilashinta da ake tsomawa a ruwa ya tsage. Ya ce ya rubuta a sayo wani tun kafin Kawu ya shigo makarantar. Ko da tana aiki ma, ba shi kaɗai ke tsara jarrabawar ba, kwamiti ne, kuma a tsarinsu ganin launin yana cikin abin da ake ba maki. Zai rubuta musu, amma ba sa zama sai bayan jarrabawa, in sun zauna kuma ba ya jin za su buɗe ƙofar da ba su taɓa buɗewa ba.

Kawu ya yi godiya ya miƙe. Har ya kai ƙofa Malam ya kira shi.

"Kawu, a ɗakin gwajin naku, me za su sa ka riƙa aunawa?"

"Kulorin, galibi. A ga ko maganin ya isa ruwan."

"Ka taɓa tsayawa ka ga yadda suke yi?"

"A'a."

Malam ya buɗe baki, ya fasa. "Ka leƙa," ya ce.

Ya leƙa a ranar. Matar da ke aikin ta yi murna da ganinsa, ta ce ashe abokin aiki ya fara zagayen gida. Ta ɗebi ruwa a 'yar kwalba, ta jefa ƙwaya, ta girgiza, ta kara ta da wani faranti mai ƙananan tagogi a jere.

"Ka gani? Sai ka duba wane ruwan hodar ya yi daidai da naka. Wannan ya yi kaɗan, wannan ya yi yawa, namu ga shi a tsakiya. Sauƙi gare shi, Mai Famfo, ko jikata za ta iya."

Ya kalli tagogin. Kamar gilashin da aka daɗe ba a goge ba, wani ya ɗan fi wani datti. Ya ce mata lallai da sauƙi, ya koma wajen injinansa.

Bai gaya wa kowa wannan ba, har Maman Yara. Ya ce wa ransa a fara samun takardar tukuna. Wataƙila su sa shi ɗebo ruwa daga unguwanni, ko rubuta sakamako, ko wankin kwalabe. Mai takarda ana iya nema masa kusurwa. Marar ita ko gaisuwa ba za a tsaya yi da shi ba.

Rediyo ce ta zo da dabara, suna wanke gilasai a bakin famfo.

"Na duba jerin zama. Kana teburin gabana, ta hagu kaɗan. Ina hango kwalbarka tsaf. Da ya juya zan yi tari, kai kuma ka rufe."

"Ke, 'yar nan, rufa min asiri. In aka kama ki fa?"

"A kama ni da me? An hana tari ne a ƙasar nan? Ai tun jiya na fara, don kowa ya shaida mura nake." Ta yi wani ɗan tari na gwaji, ta dafe ƙirji. "Ka ji? Har tausayin kaina na ji."

"Ba daidai ba ne."

"Kawu, lissafin nan ka fi ni iyawa. Famfon ka fi kowa. Ido kawai zan ara maka, kuma ba ƙarewa zai yi ba. Ni fa in ka faɗi, wa zan riƙa ba labari?"

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ci gaba da ɗauraye buret, ita kuma ta ɗauki shirun a matsayin amsa. Shi ma ya san haka ta ɗauka.

Ranar jarrabawa Maman Yara ta goge masa farar rigar har tana ƙyalli, ta raka shi bakin ƙofa, abin da ba ta saba ba. A ɗakin gwaji an raba kowa da teburinsa. Malam Ɗigo ya karanta ƙa'ida: asid ɗin da aka ba kowa na gwaji uku ne, babu ƙari. In ka ga ka kai, ka ɗaga hannu sau ɗaya, a zo a duba launin a rubuta. Sai biyu cikin ukun sun yi kyau mutum ya haye. Ban da magana, ban da waige. Wata mataimakiyarsa mai takalmi mai ƙwas-ƙwas tana zagaye tsakanin tebura.

Kawu ya cika buret, ya kori kumfar da ta maƙale a bakinsa, ya auna asid, ya ɗiga feno. Ya buɗe famfo. Idonsa na kan kwalba amma duk hankalinsa ya tattara a kunne. Yana jin ƙarar gilasai, da takalmin matar nan, da fankar sama. Sodar tana sauka. Ya rage gudunta zuwa ɗigo-ɗigo. Shiru. Ya ci gaba. Ruwan ya fara yi masa duhun nan da ya sani, sannan tarin ya zo, da ƙarfi, har sau biyu. Ya rufe.

Ya gane abin da ya faru ba sai an gaya masa ba. Tare suka fara, tare suka kai. Lokacin da nasa ya juya, idonta na kan nata.

Ya ɗaga hannu. Malam ya zo, bai ko ɗaga kwalbar ba, ya yi rubutu ya wuce. Ya ji shi a baya yana ce wa Rediyo, "Madalla."

Saura biyu, kuma dole duka su yi kyau. Ya wanke kwalbar ya sake aunawa. Wannan karon bai ji motsin gilashi a bayansa ba, ta tsaya tana jiransa. Ya buɗe famfo. Takalmin ya matso, ya tsaya.

"Ke, me kike jira? Lokaci na tafiya. Buɗe ki yi aikinki."

Takalmin bai tafi ba sai da aka ji sodar Rediyo ta fara zuba. Kawu ya ci gaba da nasa a hankali, amma wani abu ya hana shi sakat. Rediyo ba ta iya yin abu a hankali ba, famfonta kullum a buɗe take barinsa sai ta kusa. Da matar ta juya baya, ya saci waige.

Idon yarinyar na kan kwalbarsa, ko ƙiftawa ba ta yi. Hannunta na jujjuya tata kwalbar ba tare da ta duba ba, sodar kuma tana zuba. Ruwan da ke ciki ya yi duhu sosai, duhun da ko shi yana gani daga inda yake.

Ta bi idonsa ta duba. Ta rufe famfon da sauri, ta sa hannu ta toshe bakinta.

Ɗaya mai kyau gare ta, ɗaya ya lalace, saura ɗaya. Ya tuna ita ce ta fari a gidansu, ta sha gaya masa mamarta ta ce ita za ta fara fitar da su kunya. Kuma ya san halinta, na ukun ma a kansa za ta ƙare shi.

Ya rufe nasa famfon. Ya kama ƙarfen da ke riƙe da buret ya ja shi zuwa dama, da tayil ɗin da kwalbar, ya gyara tsayuwa ya ba ta baya sosai, faffaɗan bayansa ya rufe komai. Ya ji ta yi ɗan tari, ba na alama ba, na roƙo. Bai matsa ba.

Ya duba awon farko da ya zarce, ya rage abin da yake jin ya zarce da shi, ya saki soda har wurin, ya rufe, ya ɗaga hannu. Malam ya zo ya ɗaga kwalbar sama, ya kara ta da farar takarda, ya juya ta wajen taga. Ya daɗe yana nema, kamar mai son ya samu.

"Bai kai ba," ya ce ƙasa-ƙasa. Ya rubuta.

Shi ke nan. Kawu ya tsaya riƙe da gefen tebur. Yana iya ajiye komai ya fita, amma in ya fita yarinyar za ta rikice, kuma an ba shi asid na gwaji uku ne. Ya wanke kwalbar ya auna na ƙarshe. Yanzu ya san na farko ya wuce, na biyu bai kai ba, abin yana wani wuri a tsakani. Ya kai sodar inda ya tsaya ɗazu, ya ƙara ɗigo, ya ƙara wani, ya rataye rabi a bakin bututun ya shafo shi da wuyan kwalbar. Babu dalilin tsayawa a nan, babu na wucewa. Ya ɗaga hannu.

Malam ya ɗaga kwalbar. Ya juya ta wajen taga.

"Wannan shi ne," ya ce. "Duk ɗakin nan yau ban ga wanda ya kai shi kyau ba." Bai ce madalla ba. Ya ajiye ta a hankali a kan tayil, ya rubuta, ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai wani ya ɗaga hannu a can gaba ya tafi.

Kawu ya sunkuya ya kalli kwalbar. Ya daɗe yana kallo. Ruwa ne garau, irin wanda ya kwashe shekaru yana tura wa mutane. A bayansa ya ji an ce wa Rediyo na ukunta ya yi. Ya zauna ya yi lissafinsa har ƙarshe, ya ja layi, ya wanke gilasan ya kife su yadda aka koya musu.

A waje ta tare shi, fuska jage-jage da hawaye.

"Me ya sa ka juya? Da na iya, wallahi da na iya duka biyun! Na farkon ne kawai na shagala."

"Na sani."

"To me ya sa?"

"Share fuskarki, mutane na kallo. Ki gaida mamarki, ki ce Kawu na yi mata barka."

"Za su duba takardar Malam ai. Kwamitin. Ko ba za su duba ba?"

"Wataƙila."

Ta kama hannun rigarsa tana ja kamar ƙaramar yarinya, sai ta tsaya. "Ka ɓata rigarka. Ga ruwan hodar nan ya fallatsar maka."

Ya ɗaga hannun ya duba. Fari ne tas, yadda Maman Yara ta goge shi.

"A ina?" ya ce.

Sai ta sake fashewa da kuka.

Daga nan gidan ruwa ya wuce, don aikin rana bai san da jarrabawa ba. Ya ninke farar rigar ya sa a jaka, ya sa shuɗiyar ta aiki. Manaja ya hango shi daga baranda ya ɗaga murya, "Mai Famfo, yaya aka ƙare? Mu fara shirin biki?" Kawu ya ce sai sakamako ya fito. Manaja ya ce to Allah ya sa a ji alheri, don masu kafa injin sun ce ƙarshen wata za su miƙa makulli.

A ɗakin injina tsofaffi biyu ne suka rage, suna ta gurnaninsu. Ya dafa na kusa da ƙofa ya ji ɗuminsa, ya saurara, lafiyarsa ƙalau. A ɗaya ɓangaren sababbin suna jere cikin fenti mai sheƙi, ba su da ƙara sosai. An cire tsohon allon mai fitila sama da ƙasa, an jingine shi a bango, wayoyinsa a waje. Sabon allon fitila ɗaya gare shi. Ɗaya daga cikin masu kafawa ya taɓa yi masa bayani cewa ita kaɗai ta isa, launi take sauyawa.

Ya jawo kujerarsa ya zauna a gabanta. Can wani daga cikin sababbin ya yi 'yar ƙara ya tashi da kansa. Kawu ya ɗaga kai ya dubi fitilar. Tana ci.